Ku Tambaya Mu Amsa: Hip-Hop, Daga Kunnen Mai Sauraro Zuwa Bakin Makirufo

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abu guda, waƙar hip-hop. Akwai iyaye masu damuwa, akwai matasa masu son shiga harkar, akwai kuma masu ganin babu komai a cikinta sai hayaniya. Mun miƙa tambayoyin ga masu haɗa kiɗa da masu nazarin waƙa da ke taimaka wa wannan fili. Mun taƙaita wasiƙun domin amsoshin su sami wuri.

Ina jin wasu na cewa rap, wasu hip-hop, a rediyo kuma gambarar zamani. Abu ɗaya ne? Wa ya fara shi? — Wani ɗalibi

Hip-hop ita ce rumfar, rap ɗaya ne daga cikin mazauna ƙarƙashinta. Rap shi ne zuba magana mai ƙafiya a kan kiɗa ba tare da jan murya irin na rerawa ba, shi ake fassarawa da gambarar zamani. Sauran ukun su ne aikin DJ mai juya faifai, da rawar birekin ta juyi a ƙasa, da zanen fenti a bango.

Ranar da aka fi yarda da ita a matsayin mafari ita ce 11 ga Agusta 1973, a gida mai lamba 1520 kan titin Sedgwick, unguwar Bronx ta birnin Niyu Yok. Clive Campbell, haifaffen Jamaika da aka fi sani da DJ Kool Herc, shi ya saka kiɗa a bikin da ƙanwarsa Cindy ta shirya domin ta tara kuɗin kayan komawa makaranta. Herc ya lura cewa masu rawa sun fi zabura a ɗan gurbin da mawaƙi ya yi shiru, aka bar ganga ita kaɗai. Gurbin ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi. Sai ya riƙa ɗora kwafi biyu na faifai ɗaya a kan na'urori biyu, wannan na ƙarewa ya saki wancan, ganga ta yi ta tafiya ba yankewa. A kan wannan gangar ne mai riƙe da makirufo ya fara kiran sunayen abokai da zuga masu rawa, daga nan kirarin ya girma ya zama baitoci.

Bronx ta wancan lokaci unguwa ce da talauci da gobarar gidaje suka ci ƙarfinta. Yaran da ba su da kuɗin sayen kayan kiɗa suka mayar da na'urar sauraron faifai ta zama kayan kiɗansu. Abin bai shiga kasuwa sosai ba sai 1979, da ƙungiyar Sugarhill Gang ta fitar da "Rapper's Delight". Rawar birekin kuwa ta kai har gasar Olamfik ta birnin Paris a 2024.

Ɗana mai shekara 14 ba ya rabuwa da abin sauraro a kunne. Na taɓa jin abin da yake ji, na ji zagi da maganar mata da ba ta dace ba. In hana shi gaba ɗaya? — Wata uwa

Hajiya, damuwarki tana kan hanya. Wani kaso mai yawa na abin da kasuwa ke turawa gaba yana wulaƙanta mata, yana ƙawata shaye-shaye, yana nuna kuɗi su ne ma'aunin mutum. Yaro mai shekara 14 yana kan gaɓar neman wanda zai kwaikwaya, kuma abin da kunne ya ji sau ɗari baki zai maimaita shi. Amma hani na ƙarfi da yaji ba kasafai yake aiki ba. Wayar aboki tana nan, sai ya koma sauraro a ɓoye, ke kuma ki rasa sanin abin da ke shiga kansa. Ga abin da muke ganin ya fi amfani.

Fara da saitin waya. A manhajojin waƙa irin su Spotify da Apple Music, waƙar da ke da batsa ko zagi tana ɗauke da ƙaramin harafin E kusa da sunanta, kuma a cikin saiti akwai maɓallin da ke hana irin waɗannan buɗuwa. YouTube ma yana da yanayin taƙaitawa. Alamar E ɗin nan jikar tambarin gargaɗin iyaye ce da ake liƙawa a kan faifai a Amurka, wanda ya samo asali daga matsin lambar wata ƙungiyar iyaye a 1985, aka daidaita shi zuwa baƙi da fari a 1990. Sai dai ki sani, kamfani ko mawaƙi ne ke sa alamar da kansa, don haka wasu waƙoƙin suna kubcewa. Kuma sigar da aka ce an tsabtace, kalmar zagin kawai aka shafe, ma'anar tana nan daram.

Mataki na biyu ya fi na farko nauyi. Ki ce ya zaɓo waƙoƙi uku da ya fi so, ku nemo rubutattun kalmominsu, ku karanta tare ba tare da kiɗa ba. Kiɗa yana lulluɓe magana, idan aka cire shi sai ta fito tsirara. Ki yi masa tambaya uku a kan kowace: wa ke magana a nan, me yake so ka ɗauka abin burgewa ne, kuma za ka yarda a faɗi haka game da ƙanwarka? Kada ki amsa masa. Yara da yawa suna rera abin da ba su taɓa tsayawa sun fahimta ba, musamman idan da baƙon harshe ne mai cike da saye.

Wurin da ba mu yarda a yi sassauci ba shi ne maganar ƙwaya da maganin tari mai kodin. Ki gaya masa ƙarshen labarin da bidiyo ba ya nunawa. Makaɗin hip-hop DJ Screw na birnin Houston ya rasu a 2000, kuma binciken likita ya danganta mutuwarsa da kodin. Mai gambara Juice WRLD ya rasu a Disamba 2019 yana ɗan shekara 21, sanadiyyar kodin da wata ƙwayar kashe raɗaɗi.

Akwai kuma lafiyar kunnen kansa, wadda iyaye kan manta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) na awa 40 a mako ga babba, desibel 75 ga yaro. Idan ƙara ta kai desibel 90, awa 4 kacal ce a mako. Ma'auni mai sauƙi: kada ƙarar ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin waya, kuma ya huta bayan kowace awa. Idan kina jin kiɗan daga inda kike zaune alhali yana cikin kunnensa, ya yi yawa. Idan yana jin ƙugi a kunne bayan ya cire, a kai shi a duba. Allah ya shirya mana su.

Ina so in saurari hip-hop mai ma'ana amma ban san ta inda zan fara ba. — Wata mai karatu

'Yar'uwa, shawararmu ta farko ita ce ki bar jerin waƙoƙin da manhaja ke tura miki na ɗan lokaci. Manhaja tana auna abin da ke riƙe mutum a daƙiƙoƙin farko ne, ba ta auna zurfin magana. Ki ɗauki kundi guda, ki saurare shi daga farko zuwa ƙarshe sau uku: na farko don kiɗa, na biyu da kalmomin a gabanki, na uku don ki ji yadda murya ke hawa da sauka a kan ganga.

Idan tarihi kike so, "The Message" ta Grandmaster Flash and the Furious Five, 1982, ita ce ta nuna wa duniya cewa rap zai iya ba da rahoton rayuwar talaka a birni maimakon zuga masu rawa kawai. Idan gwanintar harshe kike nema, ki nemi aikin Rakim na 1987 tare da Eric B. Kafin shi yawancin masu gambara suna ajiye ƙafiya a ƙarshen layi suna ɗaga murya, shi ya kwantar da murya ya cusa ƙafiya a tsakiyar layi, kusan duk wanda ya zo bayansa ya ɗebi wani abu a wurinsa. Kundin Nas na farko, 1994, waƙoƙi 10 ne da ba su cika minti 40 ba, kuma a ra'ayinmu babu darasin siffanta unguwa da kalmomi da ya fi shi, ko da yake akwai kalmomi masu kaushi a ciki. Kundin Lauryn Hill na 1998 shi ne muka fi ba mai farawa, domin ta haɗa rerawa da gambara, tana magana a kan soyayya da haihuwa da mutunci. Shi ne kundin hip-hop na farko da ya ci kyautar Grammy ta kundin shekara, a 1999. Kendrick Lamar kuma ya karɓi kyautar Pulitzer ta kiɗa a 2018, wadda kafin nan masu kiɗan gargajiyar Turai da jaz kaɗai ke samu.

Kada ki tsaya a Amurka. MC Solaar, wanda aka haifa a Dakar ya tashi a Faransa, ya nuna cewa Faransanci ma yana lanƙwasuwa a kan ganga. Positive Black Soul na Senegal, tun 1989, sun yi da Wolof. Sauraron gambara da harshen da ba ki ji yana da wata fa'ida, domin kunnenki zai koma kan kari da numfashi kaɗai.

Ina rubuta baitoci masu kyau a takarda, amma idan na ɗora su a kan kiɗa sai in riga shi ko ya bar ni a baya. Ina matsalar take? — Wani matashi mai koyo

Ƙanenmu, matsalar ita ce kana rubutu kafin ka ƙirga. Takarda ba ta da agogo, kiɗa kuwa agogo ne. Bari mu warware shi dalla-dalla, domin nan ne mafi yawan masu koyo ke tuntuɓe.

Kusan duk kiɗan hip-hop ana ƙirga shi da huɗu-huɗu: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Bugu huɗun nan su ne layi ɗaya. A salon da aka saba tun shekarun 1990, ganga mai kauri tana sauka a kan ɗaya da kusa da uku, mai kaifi kamar tafi tana sauka a kan biyu da huɗu, saurin kuma tsakanin bugu 85 zuwa 95 a minti. A salon tiraf na kudancin Amurka ana saita sauri wajen 140, amma mai kaifin tana sauka a kan uku kaɗai, shi ya sa kunne ke jin kamar 70 ne. Da yawa suna ruɗewa a nan, su yi ta ƙirga ninki biyu na abin da ya kamata. Mai koyo ya fara da 90.

A saurin 90, layi ɗaya daƙiƙa biyu da kashi biyu cikin uku ne. Baiti na al'ada layi 16 ne, wato kusan daƙiƙa 43. Amshi layi 8, kusan daƙiƙa 21. Idan ka yi shimfiɗa ta layi 4, baiti biyu, amshi biyu, da rufewa ta layi 4, ka sami layi 56, waƙar minti biyu da rabi ke nan.

Yanzu ka ɗauki takarda ka ja gida 16 a jere, ka raba su huɗu-huɗu. Kowane layi yana da waɗannan gidaje 16, kuma kowace gaɓa ta kalma tana buƙatar gida. Kada ka cika su duka. Gaɓa 10 zuwa 13 sun ishi mai farawa, ragowar na numfashi ne. Ka sa alamar inda za ka ja iska tun a takarda, aƙalla sau ɗaya cikin kowane layi biyu. Wanda bai tsara numfashi ba zai haɗiye ƙarshen kalma, kuma a nan ƙafiyar take.

Ga misali. "Hanya da nisa, ƙafa ta gaji, ban fasa ba" gaɓa 14 ne, kuma da yawansu masu nauyi. Idan harshenka yana sarƙewa, rage shi: "Hanya da nisa, na gaji, ban fasa ba." Ya koma 12, ma'ana ba ta ragu ba, ka sami wurin iska. Layin da zai biyo: "Rana ta ƙwalle, inuwa ta ɓace, ban kasa ba." Ka sa "fa" ta "fasa" da "ka" ta "kasa" su sauka daidai kan bugu na huɗu, inda mai kaifin take. Kunne yana jiran ƙafiya a wurin.

Mai yi da Hausa yana da abu biyu da zai kula da su. Na farko, kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, don haka ƙafiyar gaɓa ɗaya ba ta da tsada, kowa zai iya jera layi hamsin masu ƙarewa da "a". Gwaninta tana cikin ƙafiyar gaɓa biyu zuwa huɗu, kamar "ban fasa ba" da "ban kasa ba", inda wasula da tsawonsu da karin sautinsu duk suka dace. Na biyu, tsawon wasali da karin sauti suna canza ma'ana. Idan ka matse "fito" na busawa da baki domin ya shiga gida ɗaya, mai sauraro zai ji "fito" na fitowa waje. Gaɓa mai nauyi tana son fili fiye da mai sauƙi. Idan kalma ba ta shiga ba sai an karya ta, ka sauya kalmar. Masu kwaikwayon lafazin Amurkawa a kan kalmomin Hausa suna lalata wannan, shi ya sa ake jin kiɗansu ba a jin zancensu.

Hanyar atisaye ita ce ka kunna kiɗan, ka fara gunguni da sautuka marasa ma'ana har ka sami zubin da ya zauna, ka ɗauke shi a waya, sannan ka nemo kalmomin da za su cika wannan zubi. Ka rage sauri zuwa 75 ka maimaita har bakinka ya saba, sannan ka riƙa ƙara biyar-biyar. Layi huɗu masu zama daram a rana sun fi shafi biyu da ba su hau kiɗa ba. Game da abin da za ka faɗa kuwa, ka rubuta abin da idonka ya gani. Baitin da ya ambaci takalmin da ya tsinke a hanyar neman aiki ya fi baitin motar da ba ka taɓa shiga ba kama zuciya, kuma masu sauraro suna gane aro.

Ina ɗaukar murya a ɗakina da kwamfuta, amma tana fitowa kamar daga cikin rijiya, wani lokaci kuma tana fashewa. — Wani mai karatu

Ɗan'uwa, cuta biyu ce daban-daban. Muryar rijiya laifin ɗaki ne. Sauti yana dukan bango da siminti ya dawo cikin makirufo bayan na asali. Kada ka tsaya a tsakiyar ɗaki ko a kusurwa. Ka rataya bargo mai kauri a bayanka, domin makirufon yana kallon wajen ne, ka shimfiɗa darduma a ƙasa, ka kashe fanka. Ɗakin da ke cike da kaya da labule ya fi wanda babu komai. Kwalin ƙwai da ake liƙawa a bango ba ya tare komai na a zo a gani. Idan ɗakin yana da amsa-kuwwa sosai, makirufo nau'in dainamik ya fi kondensa rufa asiri, domin ana matsowa kusa da shi ne, kuma bai cika kwaso ƙananan sautukan ɗaki ba. Kondensa kuma ba ya aiki sai ka kunna masa wutar bolt 48 daga akwatin sauti.

Fashewa laifin saiti ne. Ka tsaya da tazarar santimita 15 zuwa 20 daga makirufo, da ragar tare iska a tsakani saboda haruffan b da f. Ka faɗi layin da ya fi ƙarfi a waƙar, ka rage ƙarfin shigar sauti har ma'aunin ya tsaya tsakanin -12 da -6. Idan ya taɓa sifili ya yi ja, sautin ya yanke, kuma babu manhajar da za ta mayar da shi yadda yake. Ka ɗauka a bit 24, kilohaz 44.1 ko 48, ka ajiye a WAV. Ka sa abin sauraro mai waya wanda ke rufe kunne. Na Bluetooth yana jinkirta sauti, sai ka ga kana bayan kiɗa ba da laifinka ba. Idan har yanzu kana jin jinkiri, rage ma'ajiyar sauti ta manhajar zuwa 128 ko 256.

Wajen gyara, ka yanke duk abin da ke ƙasa da haz 80 zuwa 100 a muryar (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), babu komai a can sai gurnani. Idan ta yi duhu, rage kaɗan wajen 250 zuwa 400. Ka sa matsin sauti na 3:1 ko 4:1, ya riƙa rage desibel 3 zuwa 6 a wurare masu ƙarfi. Idan harafin s yana sukar kunne, matsalar tana tsakanin haz 5,000 da 8,000. Amsa-kuwwar ado kuwa kaɗan ta isa, gambara tana son murya a kusa, a bushe. Manhajar Audacity kyauta ce kuma tana yin duk wannan.

Na sauko da kiɗa daga YouTube an rubuta kyauta ne, na kuma tsakuro daƙiƙa biyar daga wata tsohuwar waƙa. An ce in bai kai daƙiƙa goma ba babu laifi. Haka ne? — Wani mawaƙi mai tasowa

Ba haka ba ne. Babu wata dokar daƙiƙa biyar ko goma, jita-jita ce da ta daɗe tana jefa mutane cikin asara. Kowace waƙa da aka ɗauka tana da haƙƙi biyu: na wanda ya tsara kiɗa da kalmomi, da na wanda ya mallaki ɗaukar kanta, galibi kamfani. Idan ka tsakuro daga faifai kana buƙatar izinin duka biyun. Idan ka sa an sake kaɗa maka karin da hannu, ka tsallake na biyu amma na farko yana kanka. Ko "Rapper's Delight" sai da aka ƙara sunayen Nile Rodgers da Bernard Edwards na ƙungiyar Chic cikin marubutanta, saboda an gina ta a kan kiɗansu. A 1991 wata kotu a Niyu Yok ta yanke hukunci a kan Biz Markie saboda ya tsakuro daga waƙar Gilbert O'Sullivan ba izini, aka janye kundin daga kasuwa. Tun daga nan kamfanoni ba sa sakin tsakure sai da takarda.

Kiɗan da aka ce kyauta kuma, ka karanta bayanin da ke ƙarƙashinsa. Yawanci ana nufin kyauta ga wanda ba zai nemi kuɗi da shi ba. Da zarar ka ɗora a manhajar da ke biya, ka karya sharaɗi, kuma na'urar gano sauti ta YouTube za ta iya karkatar da kuɗin ga mai kiɗan ko a toshe waƙar. Lasisi iri biyu ne. Na haya yana da araha, amma ana sayar wa wasu ma, kuma yana da iyakar yawan sauraro ko shekaru. Na mallaka kai kaɗai, ya fi tsada, sai dai ka tambaya ko an riga an ba wasu haya kafin kai. Ka nemi yarjejeniya a rubuce, da kason kowa, da fayilolin kayan kiɗan a rarrabe. A rubuta rabon kafin waƙa ta fita, domin bayan ta karɓu kowa zai tuna cewa shi ya fi wahala.

Ni malami ne. Ban ga abin da wannan kiɗa ya ƙara wa matasa ba sai sakin wando da rashin kunya. Ku nuna mini amfani ɗaya. — Wani malamin makaranta

Malam, ba za mu musa abin da idonka ya gani ba, kuma akwai wanda ya fi shi muni. Gabar da aka hura tsakanin mawaƙan gabashi da yammacin Amurka ta zo daidai da kisan Tupac Shakur a Las Vegas a Satumba 1996, yana ɗan shekara 25, da na Notorious B.I.G. a Los Angeles a Maris 1997, yana ɗan 24. Kamfanoni sun gane tun 1986, lokacin da kamfanin takalma na Adidas ya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar gambara ta Run-DMC, cewa abin da mai gambara ya sa a jiki matasa za su saya. Daga takalmi aka wuce zuwa giya da sauran abubuwa. Rashin kunya yana sayuwa da sauri, shi ya sa ake zuba masa kuɗin talla.

Amma ka nemi amfani ɗaya, ga uku. A Senegal, a Janairu 2011, masu gambara irin su Thiat da Kilifeu na ƙungiyar Keur Gui suka haɗu da 'yan jarida suka kafa ƙungiyar fafutuka mai suna Y'en a Marre. Sun fara da ƙorafin ɗauke wuta, suka koma bin unguwanni suna sa matasa yin rajistar zaɓe, suka tsaya a kan adawa da wa'adi na uku na shugaban ƙasa Abdoulaye Wade, wanda ya sha kaye a hannun Macky Sall a Maris 2012. A Burkina Faso, mai gambara Smockey yana cikin waɗanda suka kafa Balai Citoyen a 2013, ƙungiyar da ta kasance a sahun gaba a zanga-zangar da ta sa shugaban ƙasa Blaise Compaoré ya sauka a ƙarshen Oktoba 2014 bayan shekara 27. A Tunisiya an kama matashi El Général a farkon Janairu 2011 saboda waƙar da ya yi wa shugaban ƙasa magana kai tsaye a kan yunwa da zalunci, kuma kafin watan ya kai rabi shugaban, Ben Ali, ya bar ƙasar.

A ajinka ma akwai abin ɗauka. Yaron da ke ƙirga gaɓa, yana neman ƙafiya mai gaɓa uku, yana auna kamance da habaici, aikin adabi yake yi ko bai sani ba. Ka gwada ba su aikin layi 16 a kan darasin da ka koyar, da sharaɗi uku: babu zagi, babu aron layin wani, kuma kowane layi biyu su ƙare da ƙafiyar gaɓa biyu. Ka ba su mako guda, su karanta a gaban aji da tafi a kan biyu da huɗu. Ka sa ido a kan 'yan kujerar baya da ba sa ɗaga hannu.

Kiɗana yana girgiza situdiyo, amma a waya amon ƙasan ya ɓace. Me ya sa? — Wani mai haɗa kiɗa

Amon da ake kira 808, wanda ya samo suna daga injin ganga na Roland TR-808 da ya fito a 1980, yana zaune ne wajen haz 40 zuwa 60. Lasifikar waya ƙarama ce, ba ta iya motsa iska a wannan zurfi. Maganin shi ne ka ɗan ƙona sautin da manhajar ƙara kaushi, domin ta haifar masa da 'ya'ya a sama. Amon haz 55 zai sami 110 da 165 da 220 da abin da ya fi haka, wayar ta fitar da na saman, kunne ya cike na ƙasan da kansa. Ka daidaita 808 da muryar sauran kayan kiɗan, in ba haka ba zai yi ta karo da su. Ka bar duk abin da ke ƙasa da haz 120 a tsakiya, kada ka baza shi hagu da dama. Idan ganga mai kauri da 808 suna sauka lokaci ɗaya, gajarta gangar ko ka sa 808 ya ɗan ja baya duk sanda ta buga. Kafin ka saki waƙa, ka saurare ta a waya, a abin kunne, da cikin mota.